Barkwancin talabijin da TikTok: Ana auna mayafin mace, ba a auna wulaƙancin da ake yi mata

A watan Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta umarci Hukumar Hisbah da ta ɗaura auren wasu matasa biyu 'yan TikTok cikin kwana 60. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ce ta kai ƙara bisa zargin yaɗa bidiyon da ya saɓa wa tarbiyya. Namijin shi ne wanda aka fi sani da Mai Wushirya, macen kuwa wata baiwar Allah ce mai gajeriyar halitta, wadda yake fitowa da ita a bidiyoyinsa na barkwanci a matsayin masoyiya. Auren bai yiwu ba. Bayan 'yan kwanaki Hisbah ta sanar da janye shirin, saboda saurayin ya ce babu wata soyayya a tsakaninsu, ya faɗi haka ne kawai don ya kuɓuta.

An kwashe makonni ana tafka muhawara a kan ko kotu tana da hurumin tilasta aure, har Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta tsoma baki. Muhawara ce mai muhimmanci, amma ta rufe wata tambaya da ta fi kusa da mu masu kallo: mene ne abin dariyar a cikin waɗannan bidiyoyi tun da farko? Babu wata magana mai hikima da aka faɗa, babu wani gatse da aka yi wa mai mulki ko mai kuɗi. Abin dariyar shi ne jikin yarinyar. An ɗora halittarta a faifai kamar haja, jama'a suka yi ta kallo suna turawa, shafi yana ƙara mabiya. Da hukuma ta zo, ita ma jikin ta duba: an rungume ta ko ba a rungume ta ba, an taɓa ko ba a taɓa ba. Maganin da aka ga ya dace shi ne a aurar da ita ga mutumin da ya mayar da ita abin kallo.

Wannan shi ne ƙullin da ke cikin maganar mata da barkwanci a ƙasar Hausa a yau. Mai shirya wasan da mai tace wasan suna ganin kamar gaba suke yi da juna, alhali idanunsu wuri ɗaya suke kallo. Ɗaya yana son ya nuna jikin mace don ya samu kasuwa, ɗaya yana son ya rufe shi don ya kare tarbiyya. Mutuncinta, wato yadda ake magana a kanta da irin matsayin da ake ba ta a cikin labarin, ya faɗa tsakanin su biyun, babu mai ɗauka.

Matan da ke cikin wasannin

Duk wanda ke bin gajerun wasannin barkwanci na YouTube da Facebook da TikTok, da waɗanda wasu tashoshin tauraron ɗan'adam ke cike gibin lokaci da su, ya san matan da ke cikinsu ba su da yawa, sunaye kawai ake sauya musu. Akwai bazawara, wadda kullum a matse take, duk namijin da ya yi sallama sai ta hau rawar jiki. Akwai 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, ba ta san firij ba, ba ta san makewayin zamani ba, maigida kuma yana laɓe yana leƙenta idan uwargida ta fita unguwa, wai nan ne wurin dariyar. Akwai uwargidan da ta yi ƙiba ko ta kwana biyu, ana jera ta da amarya kamar ana taya tumaki a kara. Akwai budurwar da ba ta san komai ba sai kaza da shawarma da kuɗin anko. Baƙar mace kuwa ta zama abin tsoratarwa: saurayi ya ɗaga mayafi, ya ga fuska, ya zura da gudu. A ƙasar da likitoci ke ta gargaɗi a kan man bilicin, wannan ba ƙaramar talla ba ce ga masu sayar da shi.

Sai kuma aikin kyamara, wanda ba ya buƙatar ko kalma ɗaya. Mace ta wuce sanye da hijabi har ƙasa, kyamara ta bi bayanta a hankali, a sa wani kiɗa, namiji ya saki baki ya faɗa kwata. Babu wata dokar sutura da aka karya a nan, amma duk mai hankali ya san abin da aka sayar masa.

Za a ce ai maza ma ana yi musu ba'a, kuma gaskiya ne. Sai dai a lura da bambancin. Idan aka yi wa namiji dariya a waɗannan wasanni, galibi a kan halinsa ne: rowa, tsoro, cika baki, cin bashi, ƙaryar arziki. Duk abubuwa ne da mutum zai iya bari gobe idan ya ji kunya, kuma amfanin zambo ke nan tun asali. Mace kuwa an fi yi mata dariya a kan abin da ba ta da iko a kai: tsayinta, launin fatarta, shekarunta, ƙibarta, rashin haihuwarta, mutuwar aurenta. Marowaci zai iya kallon wasan ya gyara. Wadda aka yi wa dariya don baƙa ce, me ake so ta gyara?

Ba haka muka gada ba

Masu kare wannan salo sukan fake da al'ada, su ce Bahaushe mutum ne mai son raha. Haka ne, amma rahar Bahaushe tana da ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idarta ita ce ramuwa. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bazazzagi ya rama. Haka tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, da taubasai, da kaka da jika. Wasan yana da daɗi ne domin kowa yana da baki, kuma an san iyakar da ba a tsallakewa. Wanda ba shi da damar ramawa ba abokin wasa ba ne, abin zalunta ne.

Idan aka duba wasannin kwaikwayonmu na gargajiya ma, za a ga sau da yawa bakin zambo sama yake kallo. 'Yan kama malamai suke kwaikwaya, su ɗauki salon karatu da wa'azi su cika shi da zancen tuwo da miya, malaman kuma su yi dariya su ba da sadaka. A tashen watan azumi, gwauro ne ke shan wahala a hannun Nalako da yaransa a Kano. A fada kuwa akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa, su fito da halin kowa a fili, abin da babu wani bafade da zai iya yi da rana tsaka. Mata suna da nasu dandalin a waƙoƙin daka da niƙa da habaicin tsakar gida da kiɗan amada. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana sa mata dariya a gidajen biki, da kalamai masu yaji waɗanda wani lokaci sai an toshe kunnen yara. Ta yi wa kishiya zambo, ta yi wa macen da ba ta sana'a. Amma mace ce ke magana da mata a kan rayuwar da suka sani, su ne masu kiɗan ƙwarya, su ne masu amshi, su ne masu liƙi.

Ba a ce da can babu batsa ba. 'Yan gambara sun yi suna a kanta a kasuwanni, kuma karin maganarmu cike yake da maganganun da ba su yi wa mata adalci ba. Bambancin shi ne ɗan gambara yana da wuri da lokaci, kowa ya san matsayinsa, mai kunya yana iya kauce masa. Yanzu yana cikin aljihun kowa, yana kwana a ƙarƙashin matashin ɗan shekara goma sha biyu.

Da talabijin ta zo, manyan 'yan wasan farko sun riƙe wani abu na waccan ƙa'ida. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne da ya mayar da rayuwar bariki abin dariya a lokacin da sojoji ke mulkin ƙasa. Marigayi Ƙasimu Yero a Karambana halin shisshigi ya sa a gaba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya mamaye barkwancin finafinan bidiyo har rasuwarsa a Disamban 2014, kansa ya fi mayarwa abin dariya, ko da yake finafinansa ba su tsira daga yi wa mata da wasu ƙabilu ba'a ba, kuma ba daidai ba ne a wanke shi tas don ya kwanta dama. Ko a yau, shiri irin Gidan Badamasi na tashar Arewa24 ya nuna ana iya tara iyali gaban akwati a yi ta dariya a kan rowar uba da kwaɗayin 'ya'ya, maza da mata, ba tare da an bi bayan kowa da kyamara ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne kasuwa. Da cinikin faifan CD da DVD ya mutu, masu sana'ar suka koma intanet, inda ake biyan mutum gwargwadon yawan waɗanda suka kalla. A nan ba wani shugaban sashen shirye-shirye da zai karanta labari kafin a ɗauka. Mai hukunci shi ne ɗan yatsan mai kallo, wanda ke yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko zai tsaya ko zai wuce. Rubuta magana mai hikima yana cin lokaci da basira. Liƙa hoton mace a fuskar bidiyo a rubuta "bazawara" da manyan baƙaƙe ba ya cin komai.

Abin da hukuma ke gani

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci, kuma tun daga nan ba ta rasa aikin yi ba. Bayan bidiyon da ya fita a 2007 na wata jaruma, wanda wani namiji ya ɗauka da waya amma ita ta ɗauki dakon kunyarsa, an dakatar da harkar fim na tsawon watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro kansa wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa, hukuncin kuma a kanta ya tsaya. A 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai. A 2024 ta hana finafinan daba da na daudu. A Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kai su an tace ba kafin a saka.

A bi wannan jeri daga farko zuwa ƙarshe. Akwai sutura, akwai rawa, akwai taɓa jiki, akwai rajista da izini. Babu inda aka ce an dakatar da wani shiri don ya mayar da zawarawa karuwai, ko don ya nuna leƙen 'yar aiki a matsayin abin raha. Ba wai hukumomi ba su san zafin izgili ba ne. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan barkwanci biyu, Mubarak Isa Muhammad da Nazifi Muhammad Bala, bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani bidiyo da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Ashe dai an san dariya tana iya zubar da mutunci. Mutuncin wa, shi ne abin tambaya.

Abin mamaki shi ne ma'aunin da hukumomin ke cewa suna aiki da shi bai yi shiru a kan wannan ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙabi, ta kuma ambaci mata a fili. Duk ɗalibin Islamiyya ya san ta. Amma a aikace an taƙaita kalmar tarbiyya ta koma tsawon mayafi.

Kada a fahimci wannan a matsayin kiran a ƙara bulala. Tarihin da aka zayyana a sama ya isa ya nuna cewa duk lokacin da aka ƙara wa hukuma sanda, a kan mata da marasa galihu take fara sauka, masu zolayar gwamna su biyo baya. Dambarwar Murja Ibrahim Kunya a farkon 2024, wadda ta kai ga Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbah na ɗan lokaci bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda ake kamen mata, ta nuna ko a cikin gwamnati ba a daidaita a kan inda sandar za ta tsaya ba.

Yadda abin yake daga Runka

A Kano da Kaduna ake ɗaukar yawancin waɗannan wasanni, amma ba a nan suke tsayawa ba. Suna bin waya da memori da shagunan masu tura finafinai har garuruwa irin Runka, a Ƙaramar Hukumar Safana, a bakin dajin Rugu. A can kalmomin da ɗan birni ke wasa da su suna da wani nauyi dabam.

A yankin Safana da Batsari, bazawara sau da yawa ba wadda ta gaji da miji ba ce. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun kashe mutum 18 a 'Yargamji ta Batsari, akasarinsu manoma a gonakinsu, har jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Waɗannan kaɗan ne daga waɗanda suka shiga jarida. Kowane magidanci da ya faɗi ya bar mace ɗaya ko biyu ko fiye, da 'ya'ya. Wasu matan an sace su an dawo da su bayan biyan fansa, suna ɗauke da abin da ba sa iya faɗa wa kowa. Da yawa sun baro ƙauyukansu zuwa cikin Batsari da Dutsin-ma da Katsina, suna wankau da surfe da aikatau, wasu suna bara. 'Ya'yansu mata su ne ake kawowa gidajenmu na birni aiki.

To, a sake kallon wasan 'yar aikin da maigida ke leƙe, da wannan a zuciya. Yarinyar da ba ta san firij ba, wataƙila garinsu aka ƙone. Matar da ke ƙwanƙwasa ƙofa tana neman wanki, unguwa ta riga ta koya daga waya cewa bazawara a matse take, ko wane tayi za ta karɓa. Ba wanda zai ce wasan barkwanci ne ke haifar da cin zarafi. Masu aikata shi sun riga wayar zuwa duniya. Abin da wasan ke yi shi ne ya sauƙaƙa abin a idon jama'a, ya ba shi suna mai daɗi, ta yadda idan yarinya ta kai ƙara wurin uwargida, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne wani fim da suka taɓa yi wa dariya.

Zawarawan kuma ba su cika samun damar ramawa ba. A Janairun 2009, lokacin da ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami a Kano don nuna damuwa a kan yawan sakin aure, Hisbah ta hana, bisa hujjar cewa abin kunya ne kuma ya saɓa wa Musulunci. Tun daga 2012 gwamnatocin Kano ke shirya auren gata, na Oktoban 2023 ma ya haɗa ma'aurata 1,800. Ana yi musu aure, ana yi musu dariya, ana yi musu wa'azi. Sauraronsu ne bai samu shiga ba.

Ai su ma matan suna ciki

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu shirya wasannin, kuma ba a watsar da ita da hannu ɗaya. Mata ne ke fitowa a matsayin bazawarar da 'yar aikin, ba wanda ya ɗaure su. Mata suna cikin masu kallo, suna dariya, suna turawa. Wasu matan ma da kansu suke buɗe shafi su yi abin da ya fi na mazan.

Amma a tambayi wane zaɓi ke gaban mai fitowar. A Fabrairun 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa a wasan kwaikwayo, ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar a fim. Wasu manyan masana'antar, irin su Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta cacar baki. Ko wane ɓangare aka gaskata, abin da rigimar ta tona shi ne 'yar wasa ba ta da rubutacciyar yarjejeniya, ba ta da farashi tsayayye, abin da furodusa ya ga dama shi ne hakkinta. Idan haka ta kasance ga wadda kowa ya san fuskarta, yarinyar da ta zo jiya tana neman a sa ta a bidiyon minti uku ba ta da bakin cewa wannan fitowar ta ci mutuncina. Shafin na namiji ne, asusun da kuɗin ke shiga nasa ne, shi ya rubuta, shi ya ɗauka. Ita fuska da jiki ta kawo, kuma idan Hisbah ta zo, fuskar aka sani.

Wasu kuma sukan ce ai shaguɓe suke yi, suna nuna halin banza ne don a guje shi. An ji irin wannan a wasu ƙasashe. A Italiya, shirin barkwancin labarai na Striscia la notizia, wanda ya fara a 1988 a tashoshin Silvio Berlusconi, ya riƙa sa 'yan mata suna rawa a kan teburin masu gabatarwa, masu shirin suna cewa ba'a suke yi wa yadda kafofin yaɗa labarai ke amfani da jikin mata. Shekaru suka wuce, ba'ar ta zama sana'ar da 'yan mata ke layi suna nema, har Lorella Zanardo ta fitar da wani fim na gaskiya a 2009 a kan yadda talabijin ɗin ƙasar ta mayar da jikin mace. Gane shaguɓe ba shi da wuya: a duba wa aka bari a tsaye a ƙarshen wasa. Idan maigida mai leƙe ne ya kunyata, an yi shaguɓe. Idan yarinyar ce aka bari ana yi wa dariya, an dai sayar da leƙen ne.

Akwai wani ɓangare na wannan ciniki da ba a cika ambata ba, kuma ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Kuɗin YouTube da Facebook ba su kaɗai ke riƙe da masu barkwancin ba. A tsakiyar wasa akan tsaya a yi tallar shagon atamfa da leshi, ko kamfanin sayar da filaye, ko mai turaren wuta, ko mai maganin gargajiya, a karanto lambar waya da adireshi a Kantin Kwari ko Farm Centre ko babbar kasuwar Katsina. Mafi yawan masu sayen atamfar da turaren mata ne, wasunsu zawarawa, wasunsu baƙaƙe, wasunsu masu ƙiba. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin tallar yakan tambayi yawan mabiyan shafi kafin ya tura kuɗi, ya kuma nemi a nuna masa yadda aka faɗi sunan shagonsa. Yana da damar ya nemi ganin minti biyun da suka gabaci tallar da minti biyun da suka biyo bayanta, kuma babu mai barkwancin da zai ƙi nuna wa wanda ke biyansa.